An Ce A Bar Shi Ya Yi Barci: Nazarin Wani Lamari Na Gubar Barasa A Birnin Kano

Majiyyacin da za mu bi diddigin lamarinsa matashi ne ɗan shekara 23, yana jiran kanti a kasuwa, siriri ne mai nauyin kilo 60, bai taɓa kwanciya a asibiti ba. An tsara lamarin ne domin koyarwa, bisa irin abin da ke isowa sashen gaggawa da tsakar dare, shi ya sa babu suna, babu unguwa. Abin da ya kamata mai karatu ya sa wa ido shi ne agogo: ƙarfe nawa aka fara sha, ƙarfe nawa yaron ya daina amsawa, ƙarfe nawa aka isa asibiti. Mafi yawan ɓarnar da ta same shi a tsakanin lokaci na biyu da na uku ta faru, a hannun mutanen da ke ƙaunarsa.

Abin da ya sha

Ranar Asabar ce cikin watan Disamba, hunturu ya kankama. Rabonsa da abinci tun ɗanwaken da ya ci da hantsi, ciniki ya hana shi cin na rana. Bayan isha'i shi da abokansa uku suka nufi Sabon Gari da sunan taya wani ango murna. Tun a hanya ya juye rabin kwalbar maganin tari mai kodin a cikin lemo ya shanye. Daga 9:30 zuwa 11:30 na dare ya sha giya manyan kwalabe biyu, ya bi da barasa mai ƙarfi ta 'yar leda guda takwas, biyar daga ciki a rabin awar ƙarshe, domin an fara yi masa ihun ya nuna shi namiji ne.

Lissafin nan yana da muhimmanci, saboda yawancin masu sha da yawan kwalabe suke auna kansu, alhali jiki tsabar barasar da ke ciki yake ƙirgawa. Babbar kwalbar giya mililita 600 ce, barasar cikinta wajen kashi 5 cikin 100, wato mililita 30, kimanin giram 24. Kwalba biyu sun ba shi giram 47. 'Yar leda mai mililita 30 da ƙarfin kashi 40 tana ɗauke da giram 9 da rabi, takwas sun zama giram 76. Jimilla giram 123 cikin awa biyu. A jikin namiji mai kilo 60 barasa tana bazuwa ne a cikin ruwan jiki kimanin lita 41, saboda haka adadin da ke jininsa zai iya kusantar miligiram 300 a kowace desilita, wato mililita 100 na jini. Tun daga 80 mutum ba ya iya tuƙi lafiya. Wanda bai saba ba, daga 300 yake shiga suma, daga 400 kuma numfashi kan iya tsayawa ko da bai haɗa da komai ba.

Hanta ce ke sarrafa kusan dukkan barasar, kuma ba a iya ƙara mata sauri. Tana rage miligiram 15 zuwa 20 ne daga kowace desilita ta jini a awa guda, komai aka yi. Jikin yaron nan yana buƙatar awa 15 ko fiye kafin ya kuɓuta daga abin da ya zuba masa cikin awa biyu. Wanka ba ya rage wannan lokaci, haka shayi mai kauri, Nescafé, lemon tsami, ko zagayawa da mutum a tsakar gida. Sannan tun da cikinsa babu komai, barasar ta wuce ƙaramin hanji da sauri, inda jiki ke tsotse mafi yawanta. Ledoji biyar na ƙarshe ba su gama shiga jini ba lokacin da aka tashi daga wurin. Mutum yana iya ajiye kofi yana magana, bayan minti 30 zuwa 60 ya faɗi, domin adadin yana ci gaba da hawa bayan kurɓar ƙarshe.

Kodin ya ƙara wa wutar fetur. Shi da barasa duk suna danne sashen ƙwaƙwalwa mai umartar huhu ya ja iska, kuma idan sun haɗu illarsu ta fi a tara ta wannan da ta wancan. Haka abin yake da tiramol, roci, da duk wani maganin barci. Gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, hukumar NAFDAC kuma ta sanar a Fabrairun 2024 cewa ta fara aiwatar da hana barasar leda da ta kwalaben da ba su kai mililita 200 ba. Duk da haka ma'aikacin gaggawa bai isa ya ɗauka sun ɓace daga gari ba.

Awa huɗu a cikin shago

Da ƙarfe 11:45 ya yi amai sau ɗaya a bakin titi, aka tallabe shi aka sa a adaidaita sahu. Kafin a kai rabin hanya ya daina magana. Da 12:15 aka shigar da shi shagon ɗaya daga cikinsu, irin ɗakin samarin nan da ke jikin zaure. Sun yi shawara a tsaye. Gida ba zai yiwu ba, mahaifinsa dattijo ne da ake girmamawa a unguwa. Asibiti ma sun ture, wai za a kira Hisba ko 'yan sanda, gobe labari ya cika gari. Suka yanke cewa za su farfaɗo da shi da kansu.

Da farko suka sheƙa masa ruwan randa daga kai har ƙirji. Wannan shi ne abin da kowa ke yi wa wanda ya suma, kuma ga mai gubar barasa cutarwa ce. Barasa tana buɗe ƙananan jijiyoyin jini na fata, zafin jiki ya riƙa tsiyayewa waje, mai sha yana jin ɗumi alhali cikinsa na sanyaya. Ta kuma hana jiki yin makyarkyatar da yake ɗumama kansa da ita. A daren hunturu a Kano sanyi kan sauka ƙasa da maki 15. Yaro da jiƙaƙƙiyar riga, a kan tabarma, a kan siminti, zafin jikinsa zai yi ta faɗuwa har asuba.

Na biyu, suka ɓare madarar gwangwani suka ɗaga kansa suka ɗura masa, wai tana kashe guba. Wasu manja suke bayarwa, wasu jiƙon gari, wasu rubutu. Duk hukuncinsu ɗaya ga wanda ba ya cikin hayyacinsa. Mai lafiya idan ruwa ya nufi hanyar iska sai ya ƙware, ya yi tari, ya fitar. Barasa mai yawa tana kashe wannan tsaron. Abin da aka zuba a bakin sumamme, wani kaso nasa huhu yake tafiya shiru, babu tari babu alama. Madara kuma ba ta janyo barasar da ta riga ta shiga jini.

Na uku, ɗayansu ya zura masa yatsa a maƙogwaro don ya amayo. Bai yi aman ba a lokacin, kuma sa'a aka yi. Amai yana ɗauke da ruwan ciki mai tsami wanda ke ƙona huhu idan ya shiga.

Daga nan suka kwantar da shi rigingine, suka sa masa filo, suka kashe fitila. Wajen 1:30 ya fara minshari mai ƙarfi, mai ɗakin ya ce, "Kun ji, mutumin ya samu barci, ku ƙyale shi." A nan ne babban kuskuren daren yake, kuma ba wauta ce ta jawo shi ba, rashin sani ne da yawancin mutanen gari ke ciki. Minsharin wanda ya suma ƙarar harshe ne da ya saki ya koma baya ya tokare hanyar iska. Hanyar bambance barci da suma ba ta buƙatar kayan aiki. A kira sunansa da ƙarfi a kunne, a girgiza kafaɗarsa, a matse naman da ke tsakanin wuya da kafaɗa sosai. Mai barci, komai buguwarsa, zai buɗe ido, ya ture hannu, ya yi gunaguni da kalmar da za a gane. Wanda bai yi ko ɗaya ba, ko ya yi nishi kawai ya koma, na asibiti ne a wannan minti.

Da sun kunna fitila sun duba agogon waya, da sun ga sauran alamun. A ɗora hannu a ƙirji a ƙirga numfashi na minti ɗaya cur. Babba mai lafiya yana yin 12 zuwa 20. Ƙasa da 8 haɗari ne, haka ma idan ana samun tazarar daƙiƙa 10 ko fiye tsakanin wani numfashi da wani. A taɓa fata: sanyi da danshi alama ce mara kyau. A duba launi, kuma tun da a baƙar fata ba a saurin ganin canji, a ja leɓen ƙasa a kalli cikinsa, a kalli harshe da ƙarƙashin farce. Idan sun koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi, iska ba ta isa jini. Jijjiga, amai ba tare da farkawa ba, fitsari ko bayan gida a kwance, kowanne shi kaɗai ya isa dalilin tafiya. Ba a jiran su taru.

Da 3:45 ɗaya daga cikinsu ya farka saboda ƙarar ta canza, minshari ya zama kakari. Ya haska waya ya ga amai cike da bakin yaron, yana gangarowa ta hanci. Sai a lokacin ya kira yayan majiyyacin: "Yaya, don Allah ka zo da mota yanzu, ƙaninka ba lafiya." Aka isa asibiti 4:30.

Abin da ya kamata a yi tun 12:15

Ba a sauke shi a shagon ba ma, a juya adaidaitar zuwa asibiti mafi kusa mai sashen gaggawa na dare. A cikin birni akwai Asibitin Murtala, akwai na Nassarawa, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, a buga, amma idan ga abin hawa a hannu kada a tsaya jira. Kemis ba wurin zuwa ba ne, haka kiran wani ya zo gida ya sa ƙarin ruwa, domin abin da yaron ke buƙata shi ne injin zuƙe amai, iskar oksijin, da mai lura da numfashinsa.

Kafin a samu abin hawa da kuma a cikinsa, kwanciyar gefe ita ce ke ceton rai. Ana yin ta haka: mai taimako ya durƙusa kusa da shi, ya miƙar da hannun majiyyacin da ke kusa da shi gefe, gwiwar hannu a lanƙwashe, tafi na kallon sama. Ya ɗauko ɗaya hannun ya ratsa ƙirji da shi, ya manna bayan hannun a kuncin majiyyacin da ke ɓangaren mai taimako, ya riƙe. Ya ɗaga gwiwar ƙafar da ke nesa har tafin ƙafa ya dafa ƙasa, ya janyo gwiwar zuwa gare shi, jiki zai mirgino da kansa. Sai ya ɗan ɗaga haɓa sama, baki na kallon ƙasa, yadda duk abin da ya taso zai zube waje. Babu filo. A cire jiƙaƙƙen kaya, a shimfiɗa bargo a ƙasa, a rufa wani a sama. A mota a kwantar da shi a kujerar baya a gefensa, mutum ɗaya na riƙe da kai. Kada a zaunar da shi a tsakiyar mutum biyu kai na lilo a ƙirji, kada a ɗora shi a babur. Idan akwai zargin ya faɗi ya bugu a kai ko wuya, a juya kai da gangar jiki tare, a faɗa wa likita, domin zubar jini a cikin ƙoƙon kai kan ɓuya a bayan maye.

Idan numfashi ya tsaya, ko ya zama wata irin shaƙuwa jefi-jefi, a mayar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa har a miƙa shi ga ma'aikata. Wanda ya koya ya haɗa da hura iska sau biyu bayan kowane dannawa 30.

A asibiti

Da nas ta tambayi abin da ya faru, yayan ya ce zazzaɓi ne ya buge shi. Bai yi ƙarya da gangan ba, abin da aka gaya masa a mota ke nan. Warin barasa ya riga ya ba da rabin labari, amma kodin ba ya wari. Awon farko ya nuna numfashi 7 a minti, oksijin na jini kashi 84, bugun zuciya 118, awon jini 95 bisa 60, zafin jiki 34.2, sukari 2.3. A ma'aunin hayyaci mai maki 15 ya samu 7. Daga 8 zuwa ƙasa ana ɗaukar mutum ba zai iya kare hanyar iskarsa ba. Baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura.

An fara da hanyar iska: aka zuƙe aman, aka ɗaga haɓa, aka sa oksijin, aka taimaka masa da jakar hura iska. Sai sukari. Ƙasa da 3.9 ana cewa ya yi ƙasa, ƙasa da 3.0 kuma ƙwaƙwalwa na cikin haɗari. Dalilin faɗuwar shi ne hanta ba ta iya haɗa aiki biyu: yayin da take fama da barasa tana daina ƙera sabon sukari, kuma ajiyar da take da ita ta yi ƙasa saboda yunwar wuni guda. An ba shi giram 25 na gulukos ta jijiya, tare da miligiram 100 na bitamin B1, sannan aka ci gaba da ruwa mai sukari. Sukarin da ya daɗe a ƙasa yana iya barin mutum da lahani a ƙwaƙwalwa har abada, kuma daga waje ba a bambance shi da maye. Duk wanda aka kawo a buge ba ya amsawa, a soki yatsarsa a auna, aikin minti ɗaya ne.

Tsukewar ido da jinkirin numfashi sun sa likita ya ja ɗaya daga cikin abokan gefe, nesa da yayan, ya ce masa ba hukunci ake nema ba, magani ake so a zaɓa. Nan ya faɗi maganar kodin. Aka ba da naloksan miligiram 0.4 ta jijiya, cikin 'yan mintoci numfashi ya hau 12, hayyaci ya kai maki 10, aka fasa zura bututun numfashi. Naloksan yana warware kodin da danginsa ne kawai, ba ya taɓa barasa, kuma aikinsa kan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, saboda haka aka ci gaba da ƙirga numfashi, aka sake ba shi sau ɗaya da gari ya waye. Barasa ita kanta ba ta da makari. Ƙarin ruwan da aka yi masa don gyara awon jini da sukari ne. Akwai imani mai ƙarfi a gari cewa ƙarin ruwa yana wanke giya daga jini, kuma wannan imani ne ke sa a ajiye yara a ɗaki da leda rataye a ƙusa har numfashinsu ya tsaya. Ba ya wankewa.

Da azahar ya farfaɗo yana gane mutane. Kwana na biyu zazzaɓi ya taso, da tari mai majina da saurin numfashi. Hoton ƙirji ya nuna ciwo a ƙasan huhun dama. Ba abin mamaki ba ne, domin bututun iska na dama ya fi faɗi kuma ya fi miƙewa, abin da ya ɓace hanya can yake faɗawa. Madarar 12:30 da aman 3:45 ke nan. Barasa ta bar jikinsa a rana ɗaya, huhun ne ya riƙe shi kwana shida kan oksijin da allurai.

Tambayar da aka yi masa game da ido

Da ya fara magana an tambaye shi ko yana ganin hazo-hazo, ko wani abu kamar ƙura na yawo a idonsa, an kuma tambayi abokan ko an sha wani abu daga jarka ko kwalbar da ba ta da rufin kamfani. Ana neman metanol ne, wata barasar masana'antu da ke shiga ogogoro da jabun kwalabe. Da farko mayenta bai bambanta da na giya ba. Bayan awa 12 zuwa 24, wani lokaci fiye idan an haɗa ta da giya, hanta tana mayar da ita wani sinadari mai tsami da ke lalata jijiyar gani. Sai ciwon kai, ciwon ciki, amai, numfashi mai zurfi da sauri, gani ya dusashe. Mililita 10 na tsabarta na iya makantarwa, 30 na iya kisa. A Afrilun 2015 ta kashe aƙalla mutum 18 a Ode-Irele ta jihar Ondo, a Yunin shekarar kuma fiye da 60 a jihar Ribas. Wanda ya sha, ya tashi garau, kashegari ya ce ba ya gani sosai, a kai shi babban asibiti mai wankin ƙoda nan take, a kuma nemo duk waɗanda suka sha tare da shi ko ba su ji komai ba. A lamarin nan ba a samu alamar metanol ba.

Me ya sa abin ke zuwa da wannan siffa a Kano

Tun 2000 jihar ke kan shari'ar Musulunci, dokar Hisba ta biyo baya a 2003, kuma kafin doka akwai kunyar iyaye da ta unguwa. Mafi yawan mutanen gari ba sa sha, kuma barin sha gaba ɗaya shi ne kariyar da ba ta da giɓi. Amma wanda ya faɗa, a ɓoye yake yi, ɓoyon kuma yana sauya yadda ake shan. Ana zaɓar mai ƙarfi saboda tana shiga aljihu. Ana shanyewa da sauri don a bar wurin. Ba a ci abinci, ba a yi kullum balle jiki ya saba, sannan idan abu ya ɓaci kowa na tsoron zama wanda ya tona asiri. Likita ko malami ko uba da ya ƙi yin maganar don kada a ce ya halatta, ya bar yaran nan da ilimin bakin titi, na madara da ruwan randa.

Tsoron asibiti yana buƙatar amsa kai tsaye. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma wajabta sirranta bayanan majiyyaci. Ma'aikata su ma da nasu nauyin: duk wanda ya yi wa masu rakiya faɗa a bainar jama'a, ya koya wa samari huɗu cewa wani karon su tsaya a shago. A ja mutum gefe a tambaye shi abu huɗu, me aka sha, nawa, ƙarfe nawa, da me aka haɗa. Masu rakiya kuma su zo da ledoji da kwalaben da aka sha.

Ga wanda bai daina ba tukuna, abubuwan da ke raba buguwa da mutuwa sanannu ne. Kada a haɗa barasa da kodin, tiramol, roci ko maganin barci, ko da tazarar awoyi ce. Kada a sha da yunwa. A guji gasa da ihun abokai, a guji duk abin da aka tsiyayo daga jarka. Lemon ƙara kuzari yana rufe jin barci ne kawai, mutum ya zarce iyakarsa bai sani ba. Wanda ya yi wata guda bai sha ba, bayan azumi ko bayan fitowa daga gidan gyaran hali, jikinsa ba zai ɗauki abin da ya saba ɗauka a da ba. Mace ta fi namiji saurin cutuwa da adadi ɗaya, saboda ruwan jikinta bai kai nasa ba. Mai ciwon sukari da ke kan insulin ko ƙwayoyin sauke sukari yana iya suma da kaɗan.

Akwai kuma waɗanda ba su san barasa suke sha ba. Wasu jiƙe-jiƙen kwalba masu ɗaci da ake tallatawa don basir ko ƙarfin maza da barasa ake jiƙa su, wasu ƙarfinsu ya kai na 'yar leda. A karanta jikin kwalba, wadda ba ta da rubutu a bar ta. Man tsaftace hannu yana da barasa kashi 60 zuwa 80, sifirit na wanzamai da masu aski kuma sau da yawa da metanol a ciki. Ƙaramin yaro da ya kurɓi ɗayansu sukarinsa na iya faɗuwa da 'yan cokula, a kai shi asibiti ko yana wasa.

Sallama

Kafin a sallame shi an tambaye shi, shi kaɗai, sau nawa yake sha. Ya ce sau biyu ko uku a wata, kodin kuma kusan kowane mako. Amsar ta shafi shawarar da za a ba shi. Mai sha kullum ba a ce masa ya yanke rana ɗaya a gida: karkarwa da gumi kan fara cikin awa 6 zuwa 24, jijjiga na iya biyowa cikin kwana biyu, ruɗewa da gane-gane tsakanin kwana biyu zuwa huɗu, kuma wannan matakin yana kisa. Irin wannan a ƙarƙashin kulawar likita yake dainawa, da magani. Majiyyacinmu bai kai nan ba, saboda haka aka ce ya daina duka nan take, aka haɗa shi da sashen kula da masu shaye-shaye. A Kano ana samun wannan kulawa a asibitin Dawanau da kuma asibitin koyarwa.

Da yardarsa aka zauna da yayan, wanda zuwa lokacin ya san gaskiya kuma ya zaɓi ya shaida wa mahaifiyarsu da bakinsa. Abokai biyu sun zo ranar sallama. Nas ta shimfiɗa zane a ƙasa, ta sa ɗaya ya kwanta ɗaya ya juya shi kwanciyar gefe, suka yi musaya, sau uku kowanne, sannan ta sa suka ƙirga numfashin juna da agogon waya. An rubuta masa ragowar maganin huhu na kwana biyar, aka ba shi ranar dawowa bayan mako biyu, da sharaɗin idan zazzaɓi ya dawo ko numfashi ya yi masa wuya kada ya jira ranar.